Kwanana a Gidan Mai Burkutu

Gyaran keken ɗinki a hannun maigidana na koye shi, kuma ba da niyya ba. Shagonsa yana bakin hanya a Tudun Wada, mu kuma muna zaune a bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu. Idan aiki ya yi masa yawa sai ya miƙo mini kan keke cikin gida, ya ce in wanke masa da kananzir. Daga wankewa na fara kwancewa, daga kwancewa na iya mayarwa. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da yara uku da akwatin kayan aiki, na duba na ga ba ni da wata sana'a da ta wuce wannan.

A cikin garin Gombe maza masu gyara sun yi yawa, ba telan da zai kawo wa mace kekensa. A ƙauyuka na sami abin yi. Matan aure da yawa suna da keke a ɗaka, idan ya lalace sai ya koma wurin jera kwanuka, domin namiji ba ya shiga cikin gida, ɗauko keke zuwa birni kuma jan aiki ne. Ni kuwa sallama kawai zan yi in wuce har ƙuryar ɗaki. Haka na fara yawo. In bar yara wurin mahaifiyata, wadda muke kira Dada, in rataya jaka in nufi tasha, in yi kwana biyu ko uku in dawo.

Hanya ba ta taɓa damuna kamar wurin kwana ba. Namiji idan dare ya riske shi yana da masallaci, yana da rumfar tasha, yana da zauren kowa. Mace ba ta da ko ɗaya. Yawancin garuruwan da nake zuwa ba su da masauki, inda kuma yake akwai, ɗakuna ne a bayan mashaya, waɗanda idan mace ta kwana a ciki, kafin hantsi gari ya gama yi da ita. Ranar da zan fara fita Dada ta ce mini, "Kada ki bari la'asar ta wuce ba ki san inda za ki ajiye jakarki ba. Kuma mace za ki tambaya, kada ki tambayi namiji."

Na riƙe wannan. Da na sauka a gari sai in nemi mai ƙosai ko mai abinci, in saya, in zauna in ci a wurin, mu yi ta hira har in gaya mata abin da ya kawo ni. Kafin in wanke hannu an gaya mini gidajen da ke da keke, sau da yawa kuma a cikinsu ake cewa in kwana. Na kwana a gidan ungozoma, na kwana a ɗakin amarya ana ta ba ni haƙuri saboda ƙarancin wuri, na kwana a ɗakin kakar wani gida tare da awakinta. Duk inda aka sauke ni, abin da nake fara dubawa shi ne ko ƙofar tana da sakata ta ciki. A jakata kullum akwai kwado da makullinsa.

Sau ɗaya ne wannan dabara ta ƙi mini, a wani ƙaramin gari cikin duwatsun ƙasar Waja, da tsakiyar damina. Wata malamar firamare ce ta gayyace ni. Mun haɗu a asibiti a Gombe, ta ce matan cocinsu suna da kekuna da suka tsaya, in zo ranar kasuwa, a gidanta zan sauka. Na shiga akori-kura tare da buhunan gishiri, muka isa bayan azahar. Na tarar da gidan malamar a kulle. Maƙwabciyarta ta ce da asuba aka aiko cewa mahaifin malamar ya rasu a wani gari, duk gidan sun tafi. Wayata ba sabis. Ina juyowa zuwa kasuwa ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ba ka ganin gabanka. Kafin ya ɗauke kasuwa ta watse, masu abinci sun kwashe tukwanensu, direban da ya kawo mu kuma ya ce rafin da muka ƙetare ya kawo ruwa, ba mai fita sai gobe ko jibi.

Na nufi gidan mai gari. Dattijo ne mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, wasu mutane huɗu suna zaune tare da shi. Na yi bayanina. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni wanda ya san ni a garin ban da malamar. Na ce babu. Ɗaya daga cikin mutanen ya yi magana da yarensu, sai mai gari ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, suna so su ga abin da ke cikin jakar."

Na zazzage ta a kan tabarma. Sukundireba manya da ƙanana, filaya, guduma, zarto, kwalbar mai, ga kuma kwadon nan da makulli. Ban taɓa kallon kayana da idon wani ba sai ranar. Duk wanda bai san keke ba, ya gan su a tare, zai ce kayan fasa ƙofa ne. 

Mai gari ya ce, "Ba ƙin ki na yi ba. Watannin baya wata mata ta sauka a wani gari kusa da mu, ta ce magani take sayarwa, ta yi kwana biyu tana shiga gidaje. Bayan tafiyarta aka zo aka kore shanun mutane. Ko da hannunta ko babu, Allah ya sani. Amma tun lokacin jama'a suka yi shawara ba a saukar da baƙon da ba a san mai shi ba. Idan na karya a gidana, gobe ba zan iya tsawata wa kowa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ina zan nufa?"

Ya ce barandar makaranta tana da rufi, zai sa 'yan sintiri su riƙa leƙawa. Na ga a fuskarsa shi ma bai ji daɗin abin da ya faɗa ba. Na yi godiya, na tattara kayana na fito. Ban tafi makarantar ba. Na koma kasuwa na zauna a wata rumfa da ba ta yoyo sosai, mayafina a jiƙe, ina kallon rana tana sauka bayan dutse. Ban yi kuka ba.

A nan wata tsohuwa ta same ni. Gajeriya ce, baƙa, ba ɗankwali a kanta, furfura fat, ɗauke da sabuwar tukunya a ka. Ta wuce ni, sannan ta dawo da baya. Da ta matso na ji tsamin burkutu a jikinta. Hausarta irin ta tsofaffin wajen ce, ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, "Kai ne baƙon da mai gari ya kore?"

Na ce, "Bai kore ni ba, Mama, dokar gari ce."

"Ka ci abinci?"

Na ce a'a.

"Tashi mu je."

Ba ta jira amsata ba ta yi gaba. Na bi ta ta wani lungu tsakanin gonakin masara har bakin wani gida mai dangar kara. Tun daga waje na ji muryoyin maza da dariya. Muna shiga na ga mutum shida ko bakwai a ƙarƙashin rumfa, kowa da ƙwarya a hannu, ga manyan tukwane a kan murhu, ga kare kwance, daga bayan gida kuma ina jin gurnanin aladu. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Ni da ko hanyar da ake sayar da giya ba na bi a Gombe, yau ga ni a tsakiyarta, magariba ta kawo kai. Na yi tunanin barandar makarantar nan, na ga kamar ta fi.

Tsohuwar ta sauke tukunyarta, ta dube ni, ta dubi mutanen. Ta yi musu magana da yarensu, gajeriya. Suka yi dariya, ba wanda ya motsa. Sai ta je wurin wanda ya fi su girman jiki ta karɓe ƙwaryar daga hannunsa, ta juye abin da ya rage a tukunya, ta ce da Hausa don in ji, "Yau an tashi. Ina da baƙo." Mutumin ya yi ƙorafi cewa ranar kasuwa ce. Ta nuna masa ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suka fice, na ƙarshensu har ya ce mini sannu da zuwa. Daga baya na gane ranar kasuwa ce ranar cinikinta a duk mako.

Ta buɗe mini wani ɗaki mai rufin ciyawa. Buhunan gyaɗa ne jingine a gefe guda, ga gadon kara da tabarma. Ta nuna mini wani katako mai kauri da ake gitta wa ƙofar ta ciki, ta sa na gwada shi a gabanta. Ta kawo mini busasshen zane. Ta fita, ta dawo da ruwan sama da ta tara, a cikin sabuwar ƙwarya wadda ko dauɗar hannu babu a jikinta.

Ta ce, "Ka yi sallarka. Rana ta nan yake fitowa." Ta nuna bangon da ke bayan gado.

Da na idar ina zaune ina lissafin yadda zan ƙi abincinta ba tare da na ɓata mata rai ba. Na shirya zan ce cikina ke ciwo. Sai ta leƙo ta ce in fito. A bakin murhu ta ajiye garin masara, ɗanyar kuɓewa, daddawa, gishiri, da sabuwar tukunyar nan da ta sayo a kasuwa.

Ta ce, "Tukunyana duk ya taɓa abin da ba ka ci. Wannan sabo ne. Ka dafa da hannunka, ni ma in ci."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na tuƙa tuwon, na kaɗa miyar, ita tana tura mini itace tana gyara wuta. Muka ci a ƙwarya ɗaya. Ta ce miyata gishiri ya yi kaɗan, mutanen birni tsoron gishiri suke yi. Na tambaye ta ko ba ta tsoron abin da mutanen gari za su ce. Ta ce mijinta ya mutu, ba ta da saniya ko ɗaya, in ɓarawo ne ni sai dai in ɗauki alade. Na yi dariya, karo na farko tun da na sauka a garin. Na shiga ɗaki na gitta katakon, na yi barcin da ban yi tsammani ba.

Da gari ya waye na lura da wani abu a bayan buhunan gyaɗa, an lulluɓe shi da tsohon zane. Na ɗaga, sai ga keken ɗinki. Ba tsatsa ko kaɗan, amma da na juya shi ya ƙi motsi, ko'ina ya yi danƙo. Na shinshina na ji warin man gyaɗa. Na kira ta na tambaya.

Ta ce na 'yarta ne, autarta, ɗakin ma nata ne. Ta yi aure ta bi miji Gombe. Da za ta tafi ta ce a riƙa sa wa keken mai kada ya lalace, za ta dawo ta ɗauka. Tsohuwar ba ta san akwai man keke daban ba. Duk sabon wata sai ta ɗebo man gyaɗa da gashin kaza ta shafa masa ciki da waje. Damina uku ke nan tana yi. 'Yar ba ta zo ba, lambar da ake samunta da ita a wayar malamar makaranta kuma ta daina shiga.

Na fito da keken tsakar gida na kwance shi ɗaiɗai. Na aika aka sayo kananzir, na wanke kowane ƙarfe, na sa masa mai na gaskiya, na canja allura. Da na taka shi ya fara tafiya, tsohuwar ta zauna a ƙasa ta sa hannu a kumatu tana saurare. Ƙarar ce ta jawo maƙwabta. Suka leƙo ta saman danga, suka ga abin da guduma da filayar nan suke yi. Kafin azahar an kawo mini kawunan keke uku. Da yamma mai gari da kansa ya biyo ta ƙofar gidan, ya gaishe ni, ya ce uwargidansa ma tana da wanda ya tsaya. Tsohuwar ta amsa masa kafin in buɗe baki, ta ce a kawo shi nan, baƙonta ba ya zuwa gidan kowa. Ya yi murmushi ya ce to. Kwana uku na yi a gidan, kwana ukun nan kuma ba ta bar kowa ya zauna sha ba, sai dai a sayo a tafi.

Ranar da ruwan rafi ya janye ta ƙulla mini gyaɗa da daddawa a leda, ta ƙulla wani ƙullin daban ta ce na 'yarta ne. Na tambaye ta inda take. Ta ce unguwar Herwagana, kusa da coci, tana sayar da shinkafa. Na so in gaya mata yawan coci-cocin da ke Herwagana, amma na fasa, na karɓa.

Yammaci huɗu na yi ina yawo a unguwar. Ina bin masu abinci ina tambayar wadda ke jin Waja. Wata mai sayar da gawayi ce ta gane garin da na ambata, ta kwatanta mini wata rumfar abinci a bayan wani gareji. Na sami 'yar tsohuwar a tsugune tana wanke kwanuka, goye da yaro. Rumfar ba tata ba ce, aiki take yi wa mai ita. Kamarsu ɗaya da tsohuwar, har gajartar. Na ce daga wurin mahaifiyarta nake. Ta miƙe da sauri hannunta duk kumfa.

"Anti, ta mutu ne?"

Na ce lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfi. Na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ƙamshin daddawar ya bugo ta, sai ta juya mini baya ta tsaya haka na ɗan lokaci. Mai rumfar ta ce ta je ta sallami baƙuwarta ta dawo. Muka zauna a kan wani benci a gefen garejin, ta gaya mini. Mijin ya tafi kudu neman aiki tun tana da cikin wannan yaron, da farko yana kira, daga baya ya daina. Jarin shinkafar ya ƙare a asibiti, wayar ma sayar da ita ta yi. Ɗaki ɗaya suke ciki ita da yara biyu.

Ta ce, "Da zan taho har a coci aka yi mini addu'a. Na ce wa Mama zan rufa mata ɗaki da kwano. Yanzu in koma da me? Don Allah, Anti, kada ki gaya mata yadda kika same ni."

Na ce ba zan kai labari ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba.

Bayan girbi na koma garin, wannan karon kai tsaye gidan tsohuwar na wuce. Ta bari sai da na sha ruwa sannan ta zauna a gabana. Na ce na ga 'yarta, ta karɓi saƙo, tana gaishe ta, jikokinta biyu ne yanzu.

Ta ce, "Ya rame?"

Na ce, "Ta ɗan rame."

"Mijin fa?"

Na dubi ƙasa.  Can ta tashi ta shiga ɗakin gyaɗa, na ji tana jan buhuna. Ta fito rungume da kan keken, da ƙyar take tafiya, ta dire shi a gabana.

Ta ce, "Ka kai mishi. Kada ka ce na san komai. Ka ce wurin gyaɗa ne ya yi mini kaɗan."

Ƙafar keken a saman mota aka ɗaure ta, kan kuwa a cinyata na riƙo shi har Gombe, don kada duwatsun hanya su gurɗa shi. Na kai wa 'yar har ɗaki na haɗa mata shi. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ta dube ni, na san ta gane, ba ta kuma tambaye ni ba. Hannunta ya ɗan manta, sai da na yi mako biyu ina biyawa da yamma muna ɗinka tsummoki tare. Daga baya na haɗa ta da wani tela a unguwar Madaki da ke samun aikin kayan makaranta fiye da ƙarfinsa, yana ba ta ta ɗinka a gida. Ba ta bar wanke-wanken nan take ba, sai da aka yi watanni.

Kirsimetin shekarar ba ta je gida ba. Na shekara mai zuwa ta je, ita da yaran, da turmin atamfa da ta ɗinka wa tsohuwar riga da zane. Ban bi su ba. Da ta dawo ta zo gidanmu ta kawo wa Dada wake, na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce tsohuwar ba ta yi maganar mijin ba ko sau ɗaya. Faɗan da ta yi ta yi har suka taho shi ne yaran ba sa jin Waja, ta kuma riƙe babban ta ce sai ya iya gaisuwa za ta sako shi.